Agogona ne ya sa jirgi ya bar mu, amma Baba ake yi wa dariya

Assalamu alaikum Gwaggo. Ni malamin makaranta ne a Tawa, shekaruna 34. A watan Sha'aban da ya wuce, wana da ke kasuwanci a Abijan ya biya wa mahaifinmu kuɗin Umra, aka ce ni zan raka shi tunda ina jin Faransanci da ɗan Ingilishi. Ni ma ranar na fara shiga jirgi. Daga Yamai muka sauka Istanbul, inda za mu canza jirgi zuwa Jidda. Takarda ta ce ƙarfe 2:10 na rana za a tashi. Salulata ba caji, sai na duba agogon hannuna na ga 11, na ce muna da sauran awa uku. Na kai Baba masallacin filin jirgin, ya ɗaura harami, ya ɗan kishingiɗa. Har ya tambaye ni wace salla ce mutane suke yi da hantsi haka, na ce masa wataƙila walaha ce. Ashe azahar ce. Ko da muka isa ƙofar shiga, jirgi ya daɗe da tashi. Nan na ga agogon bango, na gane nawa yana kan lokacin gida. Maimakon in faɗa, sai na ɗaga wa Baba murya a gaban wasu ƴan ƙasarmu, na ce jan ƙafarsa ne ya jawo mana. Bai ce uffan ba. Muka kwana a kan kujeru, wana ya aiko da sama da jikka 400 ta sefa aka sake mana tikiti. Tun da muka dawo, labarin da ke yawo a gida shi ne Baba ya yi barci a masallaci jirgi ya tafi. Jikoki na tsokanarsa da shi, yana murmushi. Amma ya daina kirana mu ci tuwo tare, gaisuwa kawai yake amsawa. Ba wanda ya san zancen agogon. Yanzu wana ya ce bana Inna za ta je, kuma ni zan raka ta tunda wai na san hanya. Gwaggo, in fasa ƙwai ne ko in bar kaza cikin gashinta? Rakiyar nan kuma in karɓa, ko in ce a nemi wani?

Wani ɗanki daga Tawa

Wa alaikumus salam ɗana. Bari in fara sauke maka rabin kayan da ka ɗora wa kanka, don ba duka ne naka ba.

Zancen agogo ba abin kunya ba ne. Ƴan kasuwar da suka shekara goma suna zirga-zirga ma yakan ci su, balle kai da ranar ka fara jin ƙarar jirgi daga ciki. Turkiyya tana gaban Nijar da awa biyu cif, rani da damina, don tun 2016 suka daina juya agogonsu. Saudiyya ma haka take, Habasha ma haka. Duk wani lokacin tashi kuma da aka buga a kan tikiti, lokacin garin da jirgin zai tashi ne, ba na garin da ka fito ba. Wannan ƴar ƙaramar magana ba kasafai ake faɗa wa matafiyi ita ba, kowa yana ɗaukan kowa ya sani.

Ka kuma dubi inda ka fito da inda ka faɗa. Filin jirgin Diori Hamani na Yamai, ko bayan gyaran da aka yi masa a 2019 gab da taron ƙolin Tarayyar Afirka, wuri ne da ba ya ɓatar da mutum. Ka shiga ƙofa, ka ba da kaya, a buga maka fasfo, ga wurin jira nan. In ka yi jinkiri wani zai leƙo ya tambaye ka da Hausa ko Zabarmanci ina za ka. Na Istanbul gari ne guda a ƙarƙashin rufi ɗaya. An buɗe shi a watan Oktoba na 2018, aka kwashe jiragen tsohon filin Ataturk zuwa can a Afrilun 2019, kuma a 2023 kaɗai mutum miliyan 76 suka bi ta cikinsa, kusan ninki uku na al'ummar Nijar baki ɗaya. A irin wannan wuri babu mai lura wani tsoho ɗan Adar, wato yankin Tawa, bai iso ba. Lokaci ya yi, a rufe ƙofa, a sauke kayansa daga jirgi, a tafi.

To wannan na yafe maka shi, na kuma tabbata wanka da Baba za su yafe. Inda ban yafe maka ba tukuna shi ne kalmomin da ka faɗa a bakin ƙofar nan, da shirun da ka yi tun daga Sha'aban har yau.

Ban kasance tare da ku ba, amma na sha ganin dattawanmu a irin waɗannan wurare, kuma abin yana taɓa ni kowane lokaci. Mutumin da a garinsu ba a taɓa ganin kansa ba hula ba, sai yaro sa'an jikansa ya yi masa nuni da hannu ya cire ta. A ce ya zazzage aljihu, carbi da asuwaki da ƴan canji su zube cikin faranti a gaban jama'a. A karɓe sandarsa a tura ta cikin na'ura, ya tsaya hannu sake yana jira. Na taɓa tsayawa bayan wani dattijo a gindin matakalar nan mai tafiya da kanta. Ya tattare babbar rigarsa da hannu ɗaya, ya ɗaga ƙafa ya mayar, ya sake ɗagawa ya mayar, mutane suna ratsa shi ta hagu da dama ba mai kallonsa. Daga ganin rigar ka san a gida shi ake tashi a ba wuri. Giwa a garin wani zomo ce. Haka Baba ya wuni ranar. Ba ya karanta allo, ba ya jin abin da ake faɗa, abu ɗaya ya rage masa da zai dogara da shi, wato kai. Sai kai ɗin ka juya masa, a gaban mutanen da ke jin Hausa, yana ɗaure da harami.

Akwai kuma abin da nake jin ba ka tsaya ka duba ba. Kana cewa ba wanda ya san zancen agogon. Anya kuwa? Mutumin da ya ga sahu ya miƙe ya tambaye ka wace salla ce wannan, ai ya riga ka ganin cewa lokaci bai daidaita ba. Shi ne ya yi daidai, kai mai agogo ka gyara masa. Ga shi ɗansa yana Abijan, kuma babu gidan Adar da ba a san agogon can yana bayan namu da awa ɗaya ba. Dare guda kuka yi a kan kujeru, ba abin yi sai tunani. Ba zan yi mamaki ba in tun kafin gari ya waye ya gama haɗa lissafinsa. In kuwa haka ne, murmushin da yake yi wa jikoki rufa maka asiri yake yi, yana ɗaukar dariyar da kai ya kamata a yi wa. Ƙin kiranka cin tuwo kuma ba lalle ƙiyayya ba ce. Ta yiwu jira yake ya ga ko ɗan da ya haifa zai zo da ƙafarsa.

Don haka amsar tambayarka ta farko, ka faɗa. Kuma Baba ne farkon wanda zai ji, shi kaɗai. Kada ka yi ta waya, kada ka aika wani. Ka nemi lokacin da gida ya yi shiru, bayan asuba in ya dawo daga masallaci ko bayan lisha, ka cire takalmi ka zauna ƙasa. Maganar ba ta da tsawo. Ka ce: "Baba, ranar nan ba kai ka sa jirgi ya bar mu ba, ni ne ban juya agogona ba. Na gane tun a can, na ji kunya, na ɗora maka, har na ɗaga maka murya a gaban mutane. Ka yafe mini don Allah." Daga nan ka ja bakinka. Kada ka kawo zancen gajiya, ko salula, ko girman filin jirgi. Duk bayanin da na yi maka a sama don zuciyarka ta huta na yi shi, ba don ka kai masa a matsayin hujja ba. In ya yi faɗa, ka sunkuyar da kai ya gama. In ya ce "ba komai" a taƙaice ya tashi, kada ka karaya, tsofaffi ba sa saukowa rana ɗaya. Washegari ka je ka zauna kusa da shi lokacin cin abinci ko bai kira ka ba. Sai in ka ga mako biyu sun wuce fuskar ba ta sake ba, sannan ka nemi baffanka ko amininsa na ƙuruciya ya sa baki.

Bayan Baba sai wanka. Shi ya fitar da kuɗi sau biyu, kuma har yau yana zaton tsufan mahaifinku ne ya ci masa jikka 400. Yana da haƙƙin sanin gaskiya. Ka kira shi, ka faɗa masa kai tsaye, ka ce za ka riƙa mayar masa da wani abu duk wata daga albashinka gwargwadon ƙarfinka. Wataƙila ya ce ka bar shi, wataƙila ya yi kwana biyu ba ya ɗaga wayarka. Ko wanne ya zaɓa, nasa ne. Amma ka yi tayin da gaske, ba tayin da ake yi ana fatan a ƙi ba.

Jikoki kuwa kada ka tsawata musu. Wasan jika da kaka ne, ba su san akwai ƙaya a ciki ba. Ka fara tambayar Baba ko yana so a gyara labarin a gida, don akwai dattijon da zai fi son a binne zancen gaba ɗaya. In ya yarda, ranar da wani ya sake tayar da shi a tsakar gida, kai ka karɓe da dariya, ka ce ai ba Baba ne ya yi barci ba, agogon malam ne ya yi barci. A yi maka dariyar, ka shanye. Ta wata ɗaya ce.

Sai rakiyar Inna. Ni dai ra'ayina ka karɓa, amma bayan wanka da ita kanta sun ji abin da ya faru, su zaɓe ka da saninsu. Wanda ya taɓa kwana a kujerun Istanbul ba zai sake wasa da agogo ba, wanda za a kawo a madadinka kuwa bai biya kuɗin wannan karatun ba tukuna. In suka ce a'a, kada ka riƙe su a zuciya. Akwai hanyar bin ayari ta hannun ajans, wato kamfanin shirya tafiya, da hukumar COHO mai kula da Hajji da Umra ta san da zamanta, inda akwai jagora da mata ƴan'uwanta. In da hali ma, ko kai za ka je, a haɗa ku da wata ƴar'uwarku mace. Wajen bincike mata ne ke duba mata, banɗaki da wurin alwala da masallaci duk a rabe suke, kuma a nan ne ɗa namiji yake tsayawa a waje yana zare ido, uwa tana ciki ba ta san yadda famfon yake buɗewa ba.

In kai ne za ka, ba a fafe gora ranar tafiya. Daga Tawa zuwa Yamai kusan kilomita 550 ne, ta Ƙwanni da Dogon Dutsi da Dosso. Kada ka sauke Inna daga mota ka wuce da ita filin jirgi. Ku iso da kwana ɗaya ko biyu ta miƙe ƙafa. Ka duba fasfo yana da sauran aƙalla wata shida, ka haɗa shi da katin allurar shawara (ba irin tawa shawarar ba, ta zazzaɓi) da na sanƙarau.

Wajen yankan tikiti ka tsaya kai da fata a kan abu uku. Ya zama tikiti ɗaya ne tun daga Yamai har Saudiyya, don in jirgin farko ya makara kamfani ne zai sa ku a na gaba, kuma kayanku za su wuce da kansu. Jiran tsakiya kada ya gaza awa uku, kada kuma ya kai na kwana. Na ukun shi ne wanda mutanenmu ba sa nema don ba su san da shi ba: keken tura tsofaffi. Kyauta ne, ana nemansa wajen kamfanin jirgi aƙalla awa 48 kafin tafiya, ana rubuta WCHR a kan takardar wanda yake iya hawa matakala amma ba ya iya doguwar tafiya. Amfaninsa ya wuce hutun ƙafa. Ma'aikacin da zai tura ta ya san hanya, shi zai bi da ku wajen bincike ya kai ku har ƙofar jirginku. Na san Inna za ta ce ita ba gurguwa ba ce. Ka ce mata ƙarfin take ajiyewa don ɗawafi da Safa da Marwa.

Ka tambaya kuma ko za a samu jirgin da ke sauka Madina da farko. Kai ba sai ka yi fama da ɗaura harami a filin jirgi ba, za ku huta ku yi ziyara, sannan ku ɗauki niyya a Zulhulaifa in za ku Makka, ko ta mota ko ta jirgin ƙasan Haramaini da ya fara aiki a 2018. Akwai kuma hanyar Addis Ababa. Filin Bole bai kai na Istanbul girma ba, amma ka tuna awa biyun nan tana nan a can ma.

Ranar tafiyar, da tayar jirgi ta taɓa ƙasa ka juya agogonka, ka juya na Inna in tana da shi. Wayar caji da batirin ajiya su kasance cikin jakar hannu, dama batirin ba a yarda a sa shi cikin kayan da ake aunawa ba. Da kun fito ku bi allon da aka rubuta Transfer, a sake bincikenku, sannan ka nemi babban allon jirage ka duba lambar jirginku, ba sunan gari kawai ba, don Jidda da Madina jirage da yawa ke zuwa a rana. Ƙofa harafi ce da lamba. Ku taka har gabanta ku gan ta da ido kafin salla, kafin shayi, kafin komai, don daga tsakiyar ginin zuwa ƙofofin ƙarshe tafiyar tsoho takan haura minti 20. Sannan ku nemi masallaci mafi kusa, Turkawa suna rubuta Mescit. Ka riƙa komawa allo, ana canza ƙofa. Lokacin da ya shafe ka shi ne na fara shiga jirgi da aka buga a kan katin shiga, ba na tashi ba, don ana rufe ƙofa minti 15 zuwa 20 kafin a tashi. Zancen kasaru da haɗa salloli kuma ku tambayi limaminku tun a Tawa, kada ya zama abin gardama a hanya.

In Allah ya ƙaddara an sake barinku, kada ka zauna kana jimami. Ka nufi teburin kamfanin nan take, don wanda bai shiga jirgi ba ana iya soke masa sauran tafiyar har da ta dawowa. Ka riƙe ƴan Yuro a jikinka saboda irin wannan rana, Yuro ɗaya sefa 656 ne, kuma sefa ba ta sayen ko ruwa a can. Maganin Inna na yau da kullum ya zauna a jakar hannu, cikin kwalinsa, tare da takardar likita. Duk abin ruwa da ya wuce mililita 100 a sa shi cikin babban kaya, in ba haka ba a wajen bincike za a bar shi. Saƙon mutane kuma, ko na maƙwabcin da kuka tashi tare, in ba ka buɗe ka gani da idonka ba kada ka ɗauka. Saudiyya ba ta wasa da ƙwayoyi irin su tramol, hukuncin fataucinsu ya kai har kisa, goro ma kowace shekara ana gargaɗin alhazai a kansa.

Abin da na fi so ka riƙe game da Inna shi ne kada ka mayar da ita kaya. Kowane mataki ka faɗa mata abin da za a yi kafin a yi: yanzu za a duba jakarki, yanzu za mu hau abin nan mai tafiya, ki riƙe hannuna. Ka rubuta mata takarda da sunanta da lambar jirgi da lambar wayarka da ta wanka, ta rataya a wuya cikin ƴar jaka. Ka koya mata harafi da lambar ƙofarku ta riƙe da ka. In ta ce maka wani abu bai yi mata daidai ba, ka tsaya ka duba kafin ka ba ta amsa. Kai ma in ka rikice, ka miƙa wa kowane ma'aikaci katin shiga jirgi, ko ba ku jin harshen juna zai nuna maka da hannu.

In kun shirya da Baba, ka zauna ka tambaye shi abin da ya fi ba shi wuya a tafiyar nan, da abin da yake ganin a yi wa Inna. Shi ya san inda ƙafar tsoho take gajiya da inda ƙishirwa take kama shi, kai ranar hankalinka yana kan takardu. Ka ɗauko biro ka rubuta abin da ya faɗa a gabansa.

Allah ya kai ku lafiya ya dawo da ku lafiya. Ka gaishe mini da Inna, ka ce ta sa ni a addu'a in ta shiga Rauda.